Mayafin Zulai

Akwai abin da na ɓoye muku tun da na fara ba ku labarina, yau kuwa zan faɗa ko da za ku zage ni. Sunana Murja. Amma sau uku ko huɗu a shekara nakan tashi da safe in zama wata daban, wadda nake zama ɗin kuma shekararta biyu a ƙasa.

Ina aiki a wata ƙungiya da ke koya wa 'yan mata ɗinki da karatu a nan Lugbe. Ba zan faɗi sunanta ba. Gida ne mai ɗaki biyar aka mai da shi ofis, mabuɗinsa yana ɗaure a bakin zanena. Ƙarfe shida da rabi ina bakin get. In yi shara, in goge tebura, in ɗora ruwan shayi, in bi kekunan ɗinki ɗaya bayan ɗaya in sa musu mai. Tun da kwangilar malamar ɗinki ta ƙare ba a sabunta ba, ni ce nake shiga aji ƙarfe goma. Yara ashirin da biyu, duk Anti Murja suke ce min. Amma a takarda ni ba malama ba ce, ba ma'aikaciya ba ce, folantiya ce. A aji huɗu na tsaya a firamare, takardar ɗaukar aiki kuwa an ce sai mai satifiket. Folantiya ba ta da hutu, ba ta da kati, idan ta kwanta ciwo ciwonta ne. In an yi taro, sai ma'aikata sun gama ci nake ɗaukar nawa in koma bayan kicin.

Duk wannan ban damu da shi ba. Abin da ke damuna yana rataye a bangon baranda.

Hoton yayata ne, Zulai, babba kamar ƙofa. Tana zaune a keken ɗinki mai lamba huɗu, da mayafi ruwan ƙwai, tana dariya har wushiryarta ta fito. Kullum da safe sai na goge gilashin. Nakan fara daga gefe, in bar fuskar sai ƙarshe. Akwai rubutun Turanci a ƙasa, yara ne suka karanta min: wai Zulai ta buɗe shagonta, yanzu tana koyar da wasu.

Zulai ba ta buɗe shago ba. Folantiya ce ita ma a nan, kuma tana da sikila. Wata rana da damina aka ce za a je wayar da kai ƙauyukan Bwari, tun da asuba ta ce ƙasusuwanta na sara. Inna ta ce ta zauna. Ta ce, "Inna, in ban je ba wata ce za ta hau gurbina." Ta je. Ruwa ya dake su a hanya, tagar motar kuma ba ta rufuwa. Kwananta huɗu a asibiti.

Madam Mabel, wadda ke riƙe da ofishinmu, ta zo ta'aziyya ita kaɗai. Ta zauna a kan tabarma ta yi kuka har muryarta ta dishe, wannan ba zan hana ta ba. Amma ba a rubuta ko layi ɗaya cewa Zulai ta rasu ba. Masu ba da tallafi suna son labarin Zulai, hotonta ne a bangon littafinsu. Sati uku da rasuwar suka aiko cewa za su zo su gan ta.

A ranar Madam ta kira ni ofis ta rufe ƙofa. Hausarta irin ta Abuja ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta.

"Murja, kai da shi kamar an tsaga kara. Minti biyar kawai. Idan sun ji ya mutu a kan aikinmu, firojet ya tafi, yara duka za su koma gida. Abeg, my dear."

Ta miƙo fom, na dangwala yatsa. Ban san abin da ke ciki ba, kunya ta hana ni tambaya. Haka na samu aiki.

Tun daga nan, duk ranar da baƙi za su zo, sai in yafa mayafin Zulai, in rataya katinta a wuya, in tsaya ƙarƙashin hotonta in faɗi kalmomin da aka haddatar da ni. Yara ma an gaya musu, ranar baƙi Anti Zulai ce. Suna faɗa suna kallon farcensu. In na dawo gida kwana uku nake yi ina jin ana taka keke mai lamba huɗu a cikin kunnena, ko da rana tsaka, ko ina tsakiyar kasuwa.

To, ga Lukman. Bakanike ne a Apo, shi yake gyara motar ofishinmu. Bai taɓa wuce bakin get ba, a nan yake ba da mabuɗin mota, a nan kuma ya fara tsokanata. Wata bakwai ke nan. Ya san ina da yaya da ta rasu, bai san sauran ba. Magabatansa za su zo wajen Baffa, ƙanin mahaifinmu, ranar Asabar.

Ranar Laraba da azahar ina wanke kofuna saƙonsa ya shigo. Da murya yake turo min, ya san karatuna a hankali yake tafiya. Na kara wayar a kunne, ina jin ƙarar guduma a bayansa.

"Hajiya Shiru, albishirinki. Kin san Yaya Bilqis, babbar yayarmu da ke aikin gwamnati? Ashe tana cikin tawagar da za ta zo wajenku gobe, ita ce mai fassara. Ta ce faɗuwa ta zo daidai da zama, za ta gan ki a wajen aikinki kafin Asabar. Ta ce in ba ta hotonki, na ce ai mutuniyar ta hana ni ko ɗaya. Na ce ta nemi wadda ta fi kowa kallon ƙasa, ita ce tawa."

Ya yi dariya. Kofi ya suɓuce min ya faɗa cikin ruwan kumfa.

Kun san yadda binciken aure yake. Abin da Yaya Bilqis ta gani shi ne abin da gidansu ya gani, don ita ta riƙe Lukman tun rasuwar mahaifiyarsu. In ta gan ni ranar Alhamis ina cewa ni Zulai ce, ta zo ranar Asabar aka ce ga Murja, me zan ce mata? In kuma na ƙi, aikin ya tafi, yara ma ban san makomarsu ba.

Na danna zan yi masa magana. Na riƙe, na riƙe, sai na saki. Na goge. Na rubuta "to" na tura.

Na samu Madam a ofis ta cire takalmi, takardu sun rufe teburin, idonta ja.

"Madam, gobe... ko za a bar maganar Zulai?"

Ta ɗago a firgice. "Gobe? Murja, kana so ka kashe ni? Gobe ne za su ce ko firojet zai ci gaba. Ni ma kwangilata wata shida-shida ce, ka sani. Wannan shi ne last one, wallahi. In sun sa hannu, zan rubuta maka takarda ka zama staff, da katinka, da sunanka."

Bara ma haka ta ce. Amma ni in babba ya ɗaga murya, tawa sai ta koma ciki. Na ce, "To, Madam."

A gida Inna ta riga ta fito da mayafin daga ƙasan akwati. Ta turara shi da irin turaren da Zulai take so, ta shanya a kan kujera. Baffa yana ƙofar ɗaki yana lissafa mutanen da za su zauna ranar Asabar, yana cewa a aro tabarma babba a maƙwabta. Na jira ya fita masallaci.

"Inna, gobe ba na son sa shi."

Ba ta kalle ni ba, tana ta tsintar shinkafa. "Aikin nan shi ne rufin asirinmu, Murja."

"Na sani."

"Minti biyar ne, ke kika ce."

"Yayar Lukman za ta zo."

Hannunta ya tsaya a cikin faranti. Da ta buɗe baki, ba maganar aiki ta yi ba.

"Idan kika yafa shi kika juya baya za ki fita, daga nan zuwa bakin zaure, takunki goma sha ɗaya ne. A cikin takun nan 'yata tana raye. Shi ke nan abin da ya rage min."

Ku gaya min, me ake ce wa uwa bayan wannan?

Da safe na sa atamfata mai ganye-ganye, na yafa mayafin. Ƙamshin ya cika min hanci har kaina ya sara. Na juya na nufi zaure. Ina jin idon Inna a tsakiyar bayana. Ni ma na ƙirga. Goma sha ɗaya ne.

Ƙarfe sha ɗaya motoci biyu suka tsaya. Wata Baturiya doguwa mai farin gashi, maza uku da manyan riguna, sai wata mace mai gilashi, da leshi ruwan toka da jaka a hammata. Ban buƙaci a gaya min ba. Goshin Lukman ne, har yadda yake ɗage gira ɗaya.

Aka gaisa. Ina tsaye a baranda ƙarƙashin hoton, katin Zulai a ƙirjina, na ji ta tambayi Madam.

"Akwai wata yarinya a nan, Murja. Wace ce a ciki?"

Madam ko ƙiftawa ba ta yi ba. "Ah, Murja. Na aike shi kasuwa. Ba zai dawo da wuri ba."

Ina tsaye, taku biyar tsakaninmu, aka aike ni kasuwa. Yaran da ke bakin aji suka kalli juna. Na ɗaga kai na kalli gilashin hoton, na ga fuskata a kan fuskarta, mayafi a kan mayafi, na kasa gane wace ce a ciki wace ce a waje.

Aka zaga da baƙi. Da aka zauna shan shayi, ni ce dai mai rabawa, don ko ranar da nake Zulai babu mai ɗaukar tire sai ni. Na kai wa Yaya Bilqis nata, ta riƙe gefen tiren ta karanta katin.

"Zulai ko? Zauna nan kaɗan, ƙanwata."

Na ɗosana a bakin benci.

"Kin san Murja sosai?"

"Na santa."

"To tsakanina da ke. Ƙanina ne yake nemanta, ya hana mu sakat. Wace irin yarinya ce?"

"Ba ta da magana sosai."

"Wannan na ji. Aiki fa?"

"Tana yi."

"Salla?"

"Tana yi."

Ta kurɓi shayi, ta ɗage gira ɗaya. "Ke ma dai ba ki da maganar. A littafi an ce ke ce mai bakin gidan nan." Ta ajiye kofin. "Saura ɗaya, ita ce babba. Tana da gaskiya? Mu gidanmu za mu iya zama da talauci, za mu iya zama da rashin boko. Ƙarya ce ba ma iya zama da ita."

Na kalli ƙasa. Na ga yatsun ƙafata a cikin silifas, na ga wani zare ja da ban share ba. Ina jin tana kallon tsakiyar kaina. Kafin in buɗe baki Madam ta tafa hannu.

"Oya, oya! Yanzu tauraruwarmu zai yi magana. Zulai, zo!"

Aka jera yara. Baturiyar ta fito da wayarta tana murmushi, ta nuna hoton bango ta nuna ni, ta dafa ƙirji. Yaya Bilqis ta tsaya a gefena don fassara. Hadari ya riga ya haɗo tun safe, a daidai lokacin yayyafi ya fara sauka a kan kwano. Irin ruwan ranar da Zulai ta tafi Bwari ne, mai farawa a hankali. Ta ƙofar aji ina hango keke mai lamba huɗu, da ɗigon jan farcen da Zulai ta sa a jikinsa don kada a canza mata.

Kalmomin suna nan a bakina, sau bakwai na faɗe su. Sunana Zulai. Kafin in zo nan ban san yadda ake riƙe almakashi ba. Yau ina da shagona.

Na ce, "Sunana..."

Madam ta gyaɗa min kai, tana motsa leɓe.

Wallahi ban yi niyya ba. Ba jarumta ba ce, kada ku ce na yi jarumta. Kawai na ji in na sake faɗar sunan nan sau ɗaya, ba za a ƙara samun Murja a ko'ina ba, ko a kasuwar da aka aike ta.

"Sunana Murja," na ce. Muryar ƙarama ce, ruwa ya kusa danne ta. "Wannan ta jikin bango yayata ce, Zulai. Ta rasu shekara biyu da suka wuce. Ba ta buɗe shago ba. Ta je aiki Bwari ba ta da lafiya, saboda folantiya ba ta da hutun ciwo. Ni ce nake sa mayafinta in kun zo. Ni nake koya wa yaran nan ɗinki, kuma sun iya, wannan ba ƙarya ba ne. Ku duba rigunan jikinsu, su suka ɗinka."

Baturiyar tana ta murmushi, don ba ta ji ba. Mazan nan uku sun ji, ɗaya ya cire hula ya mayar. Madam ta dafe bango.

Yaya Bilqis ba ta fassara ba. Ta juyo ta kalle ni, ta rage murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Kin san abin da zai biyo baya?"

"Ban sani ba."

"In fassara?"

Ƙofa ce ta buɗe min. Da na girgiza kai, da ta faɗi wani abu daban da Turanci an wuce wajen. Na kalli Madam, hawaye na bin kumatunta, tana roƙona da ido. Na kalli yara ashirin da biyu.

"Ki fassara, Yaya."

Ta fassara. Ban ji Turancin ba, amma na ga murmushin Baturiyar yana sauka a hankali, wayar ma ta sauka. Sai daga layin baya wata murya ta ce, "Allah ya jiƙan Anti Zulai." Sauran suka amsa gaba ɗaya, "Amin." Shekara biyu, wannan ne karo na farko da aka yi mata addu'a da ƙarfi a cikin gidan nan.

Na cire katin na ajiye a kan tire.

Baƙi suka shiga ofis da Madam aka rufe ƙofa. Yaya Bilqis ta bi su, ko waiwayowa ba ta yi ba. Na kwashe kofuna na wanke, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Bayan la'asar Madam ta same ni a bayan kicin. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi.

"Sun ce za su yi bincike. Ban san ko za a rufe ba." Ta miƙo hannu. "Kawo mabuɗi. Ka je gida tukuna."

Na kwance shi daga bakin zane. Har na kai get ta kira ni. "Murja." Na tsaya. Ta dubi mabuɗin da ke hannunta, ta koma ciki.

A cikin keke napep na tura wa Lukman komai, da muryata, minti shida, mafi tsawon maganar da na taɓa yi masa. Alamar ta nuna ya saurara. Na jira. Har muka wuce kasuwa babu amsa.

Na shiga gida da mayafin a ninke a hannuna, kaina da ɗankwali kawai. Inna tana bakin murhu. Ta kalli hannuna, ta kalli bakin zanena inda mabuɗi yake zama. Ba ta tambaye ni ba. Na durƙusa na ajiye mata shi a cinya.

"Inna, ki yafe min. Na faɗa musu."

Ta ɗauka ta kai hanci. Kafaɗunta suka fara rawa. Ta yi kuka irin wanda ban ga ta yi ba ko ranar da aka fita da gawar, ni kuma ina durƙushe ina jiran ta kore ni daga gabanta. Da ta gama ta share fuska da gefen mayafin.

"Tashi ki ci abinci, Murja," ta ce. "Tun safe ba ki ci komai ba."

Ban kai ga buɗe kwanon ba muka ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Na duba waya, har yanzu babu komai daga Lukman. Yau Alhamis ce, ba Asabar ba. Takun takalmi ya shigo zaure, na mutum ɗaya, sai muryar da na yini ina tsoro.

"Salamu alaikum. Nan ne gidan su marigayiya Zulai? Na zo ta'aziyya. In na gama kuma, ina da magana da Murja."